Hutun Dole na Sakataren Kawu

Ranar da na kai wa Kawu ƙwayoyin rigakafin karensa, na koma da su a aljihuna ba tare da na ɓare ko ɗaya ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa. Ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana sunkuye a kan injuna masu ruri, har kunnuwansa suka mutu, na hagu ya fara, na dama ya bi bayansa. Yana magana, da ƙarfi ma fiye da kima, sai dai ba ya jin amsa. Mai son gaya masa wani abu sai ya tsaya a gabansa ya motsa baki a hankali, ko kuma ya rubuta da alli a jikin ƙofar rumfar aikinsa, wadda ta yi fari-fari saboda yawan gogewa.

Karen kuwa babu wanda ya koya masa aikinsa. Ja ne mai farin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. In aka buga ƙofar gida, sai ya taso a guje daga duk inda yake, ya dunguri gwiwar Kawu da goshinsa sau ɗaya, sannan ya juya ya dubi ƙofa. In Inna, matar Kawu, ce ta yi kira daga ciki, dunguri biyu ne. Ita ce ta sa masa suna Sakatare. Takan ce shi kaɗai ne ma'aikacin gidan da bai taɓa neman hutu ba, kuma duk gidan maganarsa kaɗai maigidan yake ji.

Ni ina da difloma a kiwon lafiyar dabbobi, kuma a lokacin ina shekara ta biyu da kama aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi. Ni na saba kai wa Sakatare ƙwayar da take kare shi daga tsutsar zuciya, cutar da sauro yake ɗauka daga jinin wani kare ya zuba a jinin wani. Ƙwaya ɗaya ce a kowane wata. Da damina ta ƙare, Kawu ya tambaye ni ko dole ne a ci gaba. Ban amsa masa nan take ba, don ba na son amsa daga ka. Na je na duba littafina, na dawo na rubuta masa a ƙofa cewa idan sauro ya ɗauke ana iya dakatawa, zan kawo in ruwa ya dawo. Ban tsaya na lura ba cewa an rubuta littafin ne a ƙasar da ƙanƙara take sauka ta kashe sauro kaf. Wata takwas ke nan tsakani.

Da yammacin ranar na buga ƙofa. Na ji gudun Sakatare zuwa wurin Kawu kamar kullum. Amma da aka buɗe mini, na same shi tsaye ya sunkuyar da kai yana tari, busasshe, sau uku a jere. Na tambayi Inna tun yaushe. Ta ce ya kai sati biyu, kuma ya fara kwanciya da rana kamar wanda ya yi dako.

A gefen rumfar akwai tankin siminti wanda Kawu yake gwada injuna a ciki bayan gyara. Na wuce shi ya fi sau ɗari ban taɓa leƙawa ba. Ran nan na leƙa. Ruwan ya yi kore a gefe-gefe, kuma 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a samansa, sun fi a ƙirga. Tankin nan ba ya bushewa damina da rani. A gidan Kawu sauro bai taɓa ɗaukewa ba.

Na cire hannuna daga aljihun da ƙwayoyin suke. Na san cewa idan 'ya'yan tsutsar sun riga sun cika jinin kare, ƙwayar tana iya kashe su gaba ɗaya a lokaci guda, jikinsa ya kasa ɗauka. Na ɗauki alli na rubuta cewa gobe da safe za mu kai shi awon jini. Kawu ya karanta ya ce hayaƙin inji ne kawai ya shaƙa. Inna kuwa fuskata ta duba, ba rubutun ba.

“Malam Difloma ya ga wani abu,” in ji ta.

Likitar da nake aiki a ƙarƙashinta gajeriyar mace ce mai ƙarancin magana, tabarau ɗinta kullum a rataye a wuya da zare. Ta sa na riƙe ƙafar Sakatare, ta ɗebi jini. Ɗigo ɗaya ta ɗiga a kan ɗan sandan gwaji, ɗaya a kan ɗan gilashi. Kafin minti goma su cika, layi biyu suka fito a kan sandan, wato akwai manyan tsutsotsi a jikinsa. Ta sa gilashin a ƙarƙashin madubin awon jini, ta murɗa, ta ja da baya, ta ce in duba.

Na sha ganin hotonsu a littafi, har na zana su a jarrabawa na ci maki. Ban taɓa ganin su da rai ba. Ƙwayoyin jini sun bazu kamar jajayen tsakuwa a ƙasan rafi, kuma a tsakaninsu wani abu siriri, mai haske kamar zaren gilashi, yana lanƙwasa yana miƙewa, yana ture ƙwayoyin gefe da gefe. Na ga na biyu, na ga na uku. Ba sauri suke yi ba, ba kuma tsoro suke ji ba. Suna zamansu ne a gida, suna jiran bakin sauro ya zo ya ɗauke su. Duk wannan a cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Na manta da cewa tsoro ne ya kawo ni, na tsaya ina kallo har wuyana ya ƙage.

Likita ta yafito Kawu. Ya goge hannuwansa a jikin rigarsa kafin ya taɓa madubin, ya rufe ido ɗaya, ya sunkuya. Ya daɗe. Da ya ɗago, muryarsa ta fito a hankali, abin da na yi shekaru ban ji daga bakinsa ba.

“Ikon Allah. Yana ɗauke da waɗannan yake gudu ya zo ya gaya mini an buga ƙofa?”

Likita ta zana masa zuciya a takarda, da babbar jijiyar da take kai jini huhu. Ta nuna masa cewa waɗanda ya gani 'ya'ya ne, iyayen suna kwance a bakin wannan jijiya, kuma tsawon ɗaya yakan kai daga gwiwar hannu zuwa tsintsiyar hannu. Kawu bai buƙaci dogon bayani ba. Ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce wannan ai inji ne da shara ta taru masa a bakin bututu, yana turawa ruwa ba ya wucewa, in aka matsa masa zai ƙone.

Kafin mu fita na gaya wa Likita yadda aka yi aka dakatar da ƙwayar. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma rarrashe ni ba. Ta ce littafin ya faɗi gaskiyar ƙasarsu, ni ne ya kamata in leƙa tankin. Na yagi takarda na rubuta wa Kawu cewa laifina ne, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

“Tankin naka ne ko nawa?” ya ce. “Ɗauko igiyarsa mu tafi.”

Maganin yana da tsawo. Wata guda ana ba shi ƙwayoyin share fage, sannan allura ɗaya a naman baya, bayan wata guda kuma allura biyu, ɗaya yau ɗaya gobe. Likita ta ce ba allurar ce abin tsoro ba, abin da yake biyo bayanta ne. In tsutsotsin suka mutu sukan farfashe, jini ya kwashi gutsattsarin zuwa huhu, jiki ya narkar da su a hankali. In zuciya tana bugawa a natse, sukan tafi kaɗan-kaɗan. In kuwa kare ya yi gudu ko ya firgita, zuciya ta turo su lokaci guda, sai su toshe hanya, kare ya faɗi. Saboda haka daga allurar farko har sati shida bayan ta ƙarshe, Sakatare zai zauna a keji, ba gudu, ba tsalle, ba tashin hankali.

Watan farko ya wuce ba matsala. Kawu ya kwashe ruwan tankin, ya ƙera masa murfin ƙarfe. Ranar da aka yi allurar farko na zauna na rubuta dokoki goma sha huɗu a babbar takarda. Ta farko ita ce a ajiye kejin a wuri mafi shiru a gidan. Na zagaya na zaɓi ɗakin ajiya na can baya, inda bango uku suka raba shi da ƙofar gida. Na manna sanarwa a waje cewa kada a buga ƙofa. Inna ta karanta dokokin ta ce ko lokacin da ta haifi ɗanta na fari ba a tsare ta haka ba.

Kullum in na tashi daga aiki sai na biya. Inna takan ce mini karen ba ya cin abinci sosai, kuma tana jin ƙarar keji jefi-jefi. Na ɗauka rashin sabo ne. Rana ta tara bayan allurar, wadda tana cikin kwanakin da Likita ta ce sun fi haɗari, na karɓi izini na je da tsakar rana. Na zauna a kan wani buhu kusa da kejin, na ciro agogo na ƙirga numfashinsa. Ashirin da takwas a minti ɗaya. Na rubuta, hankalina ya ɗan kwanta.

Sai wani ya buga ƙofar gida. Ni da ƙyar na ji, kamar daga wata unguwa. Sakatare kuwa ya miƙe zumbur, ya doki ƙarafan kejin da ƙirjinsa, ya ja baya, ya sake doka. Aka sake bugawa, ya sake doka. Na riƙe shi ta tsakanin ƙarafa ina kiran sunansa, bai ko dube ni ba. Idanunsa suna kan bango, daidai saitin rumfar Kawu. Ƙarƙashin tafin hannuna zuciyarsa tana dukan haƙarƙari kamar za ta fito. Sannan tarin ya zo, mai tsawo, kuma da ya lafa na ga ɗigon jini biyu a kan buhun da yake kwance.

Ta taga na hango Kawu a rumfa, ya ba ƙofa baya, yana goga wani ƙarfe cikin natsuwa, bai san an buga ba. A nan na gane abin da na yi. Na raba karen da ƙarar da ni nake iya ji, amma shi yana jin komai ta bayan bango uku. Abin da na hana shi kawai shi ne isar da saƙo. Kwana tara ke nan, duk mai inji da bai karanta sanarwata ba, duk kiran da Inna ta yi bisa sabo, a haka yake ƙarewa.

Na je na jawo hannun Kawu. Ya dubi jinin, ya dubi kejin da ya lanƙwashe a gaba. Ya kama gefe ɗaya ya ce in kama ɗayan. Na fahimci inda zai kai shi, na ɗauki guntun gawayi na rubuta a bango da sauri cewa littafi ya ce wuri mai shiru.

“Shiru?” in ji shi. “Ni na san shiru, ɗana. Shekara goma sha ɗaya ina cikinsa. Ba ya kwantar wa kowa da hankali. Kama.”

Muka ɗauko kejin a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa, muka tura shi ƙarƙashin teburin aikinsa. Kawu ya ɗauko zarto ya yanke ƙarfe biyu daga gaban kejin, ya goge bakinsu har suka yi sumul, ya naɗe su da tsumma. Ramin bai isa kare ya fita ba. Ya jawo kujerarsa ya zauna, ya sa gwiwarsa ta cike gurbin.

Na kira Likita a waya, ta zo cikin rabin awa. Ta saurari ƙirjin Sakatare, ta duba dasashinsa, ta ba shi maganin kumburin huhu. Ta ce ya tsallake wannan karon, amma ba ta yi alkawarin na gaba ba. Na gaya mata cewa ban yarda da wannan wuri ba, ga masu shigowa, ga ƙarar guduma. Ta ce babu amfanin musu a kan abin da za a iya aunawa. Ta bari har karen ya natsu, ta sa ni na ƙirga, na samu ashirin da shida. Sannan ta ce wa Inna ta fita waje ta buga ƙofa da ƙarfi, irin bugun mai inji da gonarsa take bushewa.

Inna ta buga har ƙarfen ya amsa. Na kafa idona a kan haƙarƙarin Sakatare. Kunnensa mai tsayuwa ya juya. Bai miƙe ba. Ya ɗaga kai kawai, ya dunguri gwiwar Kawu da goshi sau ɗaya, ya dubi wajen ƙofa. Kawu ya sauke hannu ya shafa kansa, alamar saƙo ya iso. Karen ya mayar da haɓarsa kan ƙafafunsa, ya yi ajiyar zuciya.

“Nawa?” in ji Likita.

Na ce talatin. Bayan minti ɗaya na sake ƙirgawa, ya koma ashirin da shida. Na ƙirga sau uku don kada ya zama ni ne nake son ganin haka. Abin da ya kusa fasa huhun wannan dabba awa biyu da suka wuce, ga shi ya zo ya wuce kamar iska, don kawai tazarar da take tsakanin goshinsa da gwiwar mutum ɗaya ta koma taƙi guda. Babu wannan a cikin dokokina goma sha huɗu, babu shi a littafin da na ci jarrabawa da shi.

“Tunda kana son rubutu,” in ji Likita tana rufe jakarta, “wannan ne abin rubutawa.”

Daga ranar Kawu ya koma zaman teburi. Ya jera sifanoninsa da sauran kayan aiki iya inda hannunsa yake kaiwa. Ya daina tayar da inji a gidan, in ya gama gyara sai maƙwabcinsa mai walda ya ɗauka ya gwada a can nesa. Ya ɗaura igiya daga sakatar ƙofa zuwa ƙafar teburin, in aka dunguri gwiwarsa sai ya ja, ƙofa ta buɗe ba tare da ya tashi ba. A nan yake cin abinci. In rana ta faɗi, mu biyu mukan ɗauki kejin mu kai gefen gadonsa. Sau uku a yini yakan fita da karen a gajeriyar igiya, taku ashirin zuwa, taku ashirin dawowa, kamar tsofaffi biyu.

Wata rana ya zama dole Kawu ya je sayo kayan gyara, Inna ta zauna a kujerar ta sa gwiwarta a gurbin. Aka buga ƙofa. Sakatare ya shinshina gwiwar, ya ɗaga ido ya dube ta, ya kawar da kai. Bai tashi ba, amma bai dungure ta ba. Da na zo ta kawo mini ƙara, ta ce shekara shida tana dafa masa abinci, ashe ko a matsayin mataimakiyar shugaba bai ɗauke ta ba.

Aka yi allurai biyu na ƙarshe. Na sake ƙirga kwanakin haɗari ɗaya bayan ɗaya, kullum da agogo a hannu. Tarin ya dawo sau biyu, ba jini, ya tafi. Gwiwar Kawu ta kumbura saboda zama wuri ɗaya, Inna tana gasa masa da ruwan zafi, shi kuma yana cewa ƙarfen da ba a motsa shi dole ya yi tsatsa. Sati shida suka cika. Likita ta ce a fara sakin karen kaɗan-kaɗan, amma tabbacin warkewa sai an sake awo bayan wata tara. A duk tsawon wannan lokaci, ranar ɗaya ga kowane wata ni da kaina nake ba shi ƙwayar rigakafi, in tsaya har in ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ranar awon muka koma asibitin. Likita ta ɗiga jinin a kan sandan gwaji, na ajiye agogona kusa da shi. Layi ɗaya ya fito. Na zuba ido a wurin da na biyun zai fito in zai fito. Minti goma suka cika, wurin fari fes. Na roƙi a ƙara minti biyar. Da suka cika na ɗaga sandan wajen hasken taga, na karkata shi hagu da dama. Likita ta zare shi daga hannuna ta jefa a kwandon shara.

“Karen ya warke,” ta ce. “Kai ne ka rage.”

Na juya zan rubuta wa Kawu, na ga ya riga ya karanta a fuskarta. Ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon karen, shi kuma yana shinshina ƙafar tebur, bai san an yi wani abu ba.

Da yake ranar ɗaya ga wata ce, na ɓare ƙwayar a nan. Kawu ya karɓa ya juya ta a tafin hannunsa mai kanta. Ya ce yanzu ya yarda ba za a sake fashi ba, amma yana da tambaya: yaya ɗan wannan abu yake zama a jiki har kwana talatin yana gadi? Na rubuta masa cewa ba ya zama. Ba cizon gobe yake tarewa ba. In ya shiga jiki, yakan bi ƙananan tsutsotsin da sauro ya zuba a watan da ya wuce, ya kashe su tun ba su isa zuciya ba, sannan ya fita. Shi ya sa in aka yi dogon fashi, waɗanda suka girma sukan fi ƙarfinsa.

Kawu ya karanta sau biyu, leɓunansa suna motsi. Ya dubi Likita, ta gyaɗa masa kai.

“Wato watan da ya wuce yake gyarawa,” ya ce. “Na gyara abubuwa da yawa a rayuwata, ban taɓa riƙe abin da yake komawa baya ya yi gyara ba.”

Ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta kumbura ba, ya buɗe bakin Sakatare, ya sa ƙwayar can ciki da yatsunsa biyu.